Ranar da Na So In Mai da Jaki Doki

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Da can a bakin malamin Hausa kawai nake jin wannan karin magana, in rubuta shi a littafi saboda jarrabawa. Amma a hutun daminar da ta wuce na fahimci ma'anarsa sarai, kuma a kan keke na fahimce ta. Shi ya sa da aka ce kowane aji ya kawo abin da za a buga a mujallar makaranta ta bana, na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin abin da ya same ni, ko da wasu za su yi mini dariya.

A gidanmu akwai wani tsohon keke baƙi ƙirar Raleigh, wanda mutanen ƙauyenmu ke kira Rali. Kakana ne ya saye shi a 1978, bayan ya sayar da bijiminsa, a zamanin da ake harhaɗa irin waɗannan kekuna a Kano. Da ya rasu sai Baba ya gaje shi. Keke ne mai birkin ƙarfe, da kariya mai faɗi a baya, da marufi a kan kowace taya don tare taɓo, da gidan sarƙa, da fitila mai dainamo, da ƙararrawa wadda in an kaɗa ta a bakin kasuwa kowa ya san Baba ne ya iso. A goshinsa akwai tambarin tagulla mai hoton kan zalɓe. Da wannan keke Baba ke kai buhun gero kasuwa, da shi yake kai taki gona, kuma a kansa aka ɗauko akwatina zuwa bakin titi ranar da zan taho wannan makaranta. Kowace Juma'a da safe ni ke wanke shi, in goge shi da tsumma da ɗan man gyaɗa har ya riƙa ƙyalli. A lokacin ban san akwai keken da ya fi shi kyau a duniya ba.

To, ana nan sai aka kawo mana sabon malamin kimiyya, ɗan bautar ƙasa, ya zo da wani keke wanda ban taɓa ganin irinsa ba sai a hoto. Ranar da ya fara hawansa cikin makaranta, kusan rabin ɗalibai sai da suka leƙo ta taga. Ja ne wur, siriri kamar barewa. Kansa a lanƙwashe yake ƙasa kamar ƙahon rago, an naɗe shi da farin ƙyalle. Sirdinsa ɗan tsut, ya ɗara kan keken tsawo. Tayoyinsa kaurinsu bai fi babban yatsa ba. Babu kariya, babu marufin taya, babu ƙararrawa, babu ko abin jingine shi. Duk abin da ido ya sauka a kai sai ka ga kamar an auna shi ne da ma'aunin zinariya. Ni dai tun daga ranar barci ya ƙaurace mini.

Na yi ta kai da kawowa a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje har Malam ya lura da ni. Ya ce, "Kai, ɗalibi, me kake nema?" Na ce, "Malam, keken nan nake kallo." Ya yi murmushi ya ce in ɗaga shi. Na tattaro ƙarfina duka kamar yadda na saba da na Baba, sai ga keke ya tashi sama fiu, saura kaɗan in faɗi da baya. Malam ya ce nauyinsa kilo 9 ne kacal, kuma ma gwanjo ne ya saya, a wajen masu tsere na gaske tsohon yayi ne.

Daga nan na zama ɗan gidan Malam. Kowace Asabar nakan je in wanke masa keke, shi kuma ya biya ni da bayani. A wurinsa na ji cewa jikin keken tsere iri uku ne aka fi yi. Akwai na ƙarfe, irin na da, wanda in ya karye mai walda zai iya ɗinke shi. Akwai na alminiyam, irin nasa. In an yanki ƙarfe da alminiyam masu girma ɗaya, nauyin alminiyam wajen sulusin na ƙarfe ne, sai dai bai kai shi tauri ba, shi ya sa ake yin bututunsa da kauri. Sai kuma na zaren kabon, wanda ake saƙawa a daskarar da shi da wani irin danƙo, shi ne manyan 'yan tsere ke hawa yanzu, shi ya fi rashin nauyi, shi kuma ya fi tsada. Ya nuna mini sunan Shimano a jikin giya da birki, ya ce kamfanin Japan ne da aka kafa a 1921, kuma yana da babban abokin hamayya a Italiya mai suna Campagnolo, wanda aka kafa a 1933. Ya nuna mini yadda ake cire ƙafar keken da ɗan hannu guda, ba tare da sifana ba. Ya ce rage nauyi ya kai masu ƙera kekuna har inda hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, ta kafa doka a shekarar 2000 cewa kada keken da za a shiga gasa da shi ya gaza kilo 6.8, don gudun kada a yi shi shakaf ya karye da mutum.

Amma labarin da ya fi shiga raina shi ne na Eddy Merckx, ɗan ƙasar Beljiyam. A 1972, a birnin Meziko, wannan mutum ya yi tafiyar kilomita 49.431 cikin awa ɗaya tak, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Keken da ya hau bai kai kilo 6 ba, kuma don a rage masa nauyi har huhhuda wasu sassansa aka yi. Da na ji haka sai na ce a raina, ashe asirin gudu bai wuce rage nauyi ba. Ban tambayi Malam ko haka ne ba. Na ɗauki rabin karatu na sa a aljihu, na tafi hutu da shi.

Mako biyu da komawata gida aka aiko wa Baba cewa wani amininsa ya rasu a Haɗeja. Ran Litinin da sassafe ya shirya, ya ce mini, "Ga keke nan, ka kula da shi, ka kula da gida. Sai Alhamis in Allah ya so." Ƙurar motarsu ba ta gama kwantawa ba na tura keke wajen mai awon riɗi, na roƙe shi ya ɗora mini a sikeli. Kilo 21! Na ji kunya ta kama ni kamar ni na ƙera shi. Na hau na tafi daga ƙofar makarantar firamare zuwa gindin tsamiyar mararraba, tafiyar wajen kilomita 4, ina duba agogon wayar Inna. Minti 11 da daƙiƙa 30.

Na dawo gida na shige zaure da sifana. Na cire kariya. Na cire marufan taya duka biyu. Na cire gidan sarƙa, da fitila da dainamonta, da ƙararrawa, da famfo, da abin jinginewa. Na so in kifa kan keken ya koma kamar ƙahon rago, sai na ga sandunan birki ba za su haɗu ba, na haƙura na mayar. Amma don haushi sai na kwance birkin gaba ɗungum, na ce ai na baya ya isa. Notuna da kusoshi na zuba su a gwangwanin madara na tura ƙarƙashin gado. Sannan na tafi wajen tsohon da ke gyaran keke a bakin kasuwa, na ce ya huhhuda mini faifan sarƙa. Ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "Ɗan boko, wa ya yi wa keken Malam tsirara haka?" Na ba shi labarin Merckx. Ya ce, "Shi wannan Bature buhu nawa yake ɗauka in za shi kasuwa? Tashi ka ba ni wuri. Shekara talatin ina gyaran keken nan, ba da hannuna za a ɓata shi ba." Na tafi ina gunaguni, ina cewa tsofaffi ba su san ci gaba ba.

A sikeli keke ya koma kilo 17. Na sake yin tafiyar nan ta mararraba, na taka har idona na ganin duhu. Minti 11 da daƙiƙa 10. Duk wannan aiki daƙiƙa 20 ya saya mini. Amma samarin ƙauye sun kewaye ni suna cewa keken ya yi kyau, ya zama na 'yan birni, sai na manta da lissafin. Inna kuwa da ta gani cewa ta yi, "Ɗan nan, ka dai mayar da kayan mutane kafin mai shi ya dawo." Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Na ce mata ran Laraba da yamma zan mayar. Laraba ta zo, na ce gobe da sassafe.

A daren Larabar nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji Inna na buga ƙofata tana salati. Autarmu, yarinya 'yar shekara uku, wadda ta wuni da ɗan zazzaɓi, jikinta ya yi zafi kamar garwashi, ta fara sanƙarewa, idanunta sun juye. Ƙaramin asibitin da ya fi kusa da mu yana bakin titi, kilomita 7 daga ƙauye. Na ruga gidajen masu babur biyu da muke da su a unguwa. Ɗaya ya kwana a birni, ɗayan kuma babu ko ɗigon mai a tankinsa. Saura keke. Keke kuwa ba shi da wurin zaman mutum na biyu, ba shi da fitila, ba shi da birkin gaba.

Na jawo gwangwanin madara hannuna na rawa, na zazzage shi, sai na ga notuna sun ragu. Ashe ƙanena ya kwashi wasu ya yi wa motarsa ta langa-langa ƙafafu. Na ɗora kariya, noti ɗaya kawai ya kama. Na yayyanka tsohuwar robar taya na ɗaɗɗaure sauran, na ƙara da igiyar guga. Batun fitila da birki kuwa babu lokacinsu. Inna ta goya Auta, ta lulluɓe ta da leda, ta hau kariya a karkace, hannu ɗaya ta riƙe rigata, ɗaya ta riƙe tocila. Ba ta ce mini komai ba. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wannan tafiya ba zan manta da ita ba har in mutu. Da yake babu marufin taya, duk taɓon hanya a kanmu ya ƙare, na gaba a fuskata, na baya a zanen Inna da ƙafafun yarinya. Da yake babu gidan sarƙa, sau biyu sarƙa na cafke ƙafar wandona, sai mun tsaya na ɓanɓare. Kariya na ta rangaji, kowane rami sai na ji Inna ta ƙanƙame ni. Da muka zo gangaren rafi na matse birkin baya, sai ƙafar baya ta ja da gefe cikin santsi, keke ya ci gaba da gangarawa abinsa. Na lalubi birkin gaba, hannuna ya kama iska. Na zuba ƙafafuna ƙasa ina ja, silifas ya tsinke, babban yatsana ya daki dutse ya fashe. Allah ya taimake mu muka tsaya dab da bakin ruwa. Inna ta ce, "Sannu, ɗan nan. Bi a hankali, Allah na tare da mu." Daga nan ta sauka muka haye rafi da ƙafa, ina tura keke ina kuka ba tare da ta sani ba, don ruwan sama ya rufa mini asiri.

Tafiyar da Baba kan yi cikin rabin awa, sai da ta ci mana fiye da awa ɗaya. Ma'aikacin da muka tarar ya karɓi Auta nan da nan, ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, ya yi mata allura, ya sa mata ƙarin ruwa. Ya ce da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Na zauna a baranda har gari ya waye, ina duban keken nan da ke kwance cikin taɓo, don ko abin jingine shi babu. Ina ta lissafi a zuci: daƙiƙa 20 na samu ran Litinin, ga shi na biya da fiye da rabin awa a daren da kowane minti yake da tsada. Garin gyaran gira saura kaɗan in rasa ido.

Da hantsi Auta ta buɗe ido ta nemi koko. Baba ya iso da la'asar, kai tsaye ya wuce asibiti. Bayan ya ga jikin yarinya ya yi hamdala, sai ya fito ya tsaya a kan kekensa ya daɗe yana kallo. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi laifi, a gafarce ni." Ina jiran mari, sai na ji ya ce, "Tashi. Me ka so ka mai da shi?" Na gaya masa gaskiya duka. Ya ce, "Kai yaro, dokin sukuwa daban, jakin kaya daban. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. In ka sauke wa jaki mangala ba zai zama doki ba, sai dai ka rasa mai kai maka kaya gida. Wannan kariya da ka raina, a kanta na kai uwarka asibitin nan ranar da za a haife ka." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Hukuncin da ya yanke mini shi ne in mayar da kowane abu mazauninsa da hannuna, a gaban tsohon nan mai gyara, kuma notunan da suka ɓace in saya daga kuɗin guzurina na makaranta. Tsohon bai yi mini gori ba, illa dai duk sanda na ɗaure noti sai ya ce, "Ƙara matsewa, Bature."

Da muka dawo makaranta na kwashe labari na gaya wa Malam. Ya riƙe baki, sannan ya ja ni gaban allo ya ce, "Laifina ne da na ba ka rabin darasi. Nawa ne nauyinka?" Na ce kilo 54. Ya rubuta 54 da 21, ya zama 75. Ya ce, "Ka cire kilo 4 daga 75, wato kashi 5 cikin 100 da 'yan kai. Wannan kuwa sai wajen hawan tudu yake amfani sosai. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, in gudu ya yi gudu, iska ce babbar abokiyar gabarka. Amfanin lanƙwasasshen kan nan ke nan, mahayi ya sunkuya ya rage faɗin ƙirjinsa. Ba don ado aka yi shi ba."

Sannan ya sa ni lissafin haƙora. Na gaya masa na ƙirga na Baba, faifan gaba haƙora 46, na baya 18. Ya ce to, duk zagaye ɗaya na feda ƙafar baya za ta juya sau biyu da rabi da ɗan ɗori, wato tafiyar wajen mita 5 da rabi. Nasa kuwa yana da faifai biyu a gaba, mai 50 da mai 34, da takwas a baya, daga mai 11 zuwa mai 28. In ya haɗa 50 da 11, taki ɗaya zai kai shi wajen mita 9 da rabi. In ya zo tudu ya haɗa 34 da 28, sai ya koma wajen mita 2 da rabi, ya haye ba wahala. Ashe ko da na huda keken Baba ya koma rariya, giyarsa ɗaya ce, ba za ta ƙaru ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce su kansu manyan 'yan tsere sun daina bautar sikeli. Da tayoyi masu faɗin milimita 23 suke hawa, yanzu yawancinsu sun koma 28 ko fiye, don an gano sun fi riƙe hanya, kuma ba su rage gudu. A 2018 hukumar UCI ta amince da birki mai faifai a gasar kan titi, ga shi ya fi tsohon birki nauyi, amma kusan kowa ya koma kansa, saboda ya fi kamawa, musamman cikin ruwa. Ya ce, "Ka gani? Su suna ƙara nauyi don su sami birki, kai kuwa ka zubar da birki don ka rage nauyi. Kuma ka sani, birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayar da keke." Daga ƙarshe ya gaya mini abin da ya wanke mini zuciya. Ya ce kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila ya ƙera kekunan tsere ma, har Joop Zoetemelk ɗan ƙasar Holan ya ci babbar gasar Tour de France a 1980 a kan keke mai wannan suna. Wato maƙera ɗaya ce ta fitar da doki da jakin, kuma ta san dalilin da ya sa ta bambanta su.

Kada mai karatu ya zaci na daina son keken tsere. Har gobe in na ga na Malam sai gabana ya faɗi. Kuma tun da na ji cewa Biniam Girmay na ƙasar Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France ta 2024, ya kuma tafi da koriyar riga, shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a wannan gasa da aka fara tun 1903, na san abin bai fi ƙarfin irinmu ba. Na fara tara 'yan kuɗi a asusu. Amma in Allah ya nufa na tashi saye, ba sikeli zan fara tambaya ba. Zan nemi mai jikin ƙarfe ko alminiyam, don na kabon in ya tsage babu mai walda da zai taɓa shi. Zan nemi mai tayoyi masu ɗan faɗi saboda hanyarmu, mai giyar da ake samun kayan gyaranta a Kano, mai birki biyu lafiyayyu, kuma mai 'yan ramukan da za a iya ɗaura kariya in ta kama.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu da ake tura mu makaranta mu koma gida da sabon ilmi. In mun ga wani abu a gidajenmu da ya yi mana kama da tsohon yayi, mu tambayi dalilinsa kafin mu ɗauko sifana. In kuma malami ya ba mu darasi, mu tsaya mu ji ƙarshensa. Auta ta warke sarai, yanzu ita ke kaɗa ƙararrawa in Baba ya ɗora ta a sanda. Yatsana ma ya warke, sai dai farcen ya fito a karkace, kullum na zo sa takalmi sai na gan shi. Keken Baba kuwa yana nan da kilo 21 ɗinsa cif, kuma in na je hutu ni ke wanke shi ran Juma'a.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ƙara wa iyayenmu haƙuri da mu, amin.